Tiyatar da Mijina Ya Yi wa Katin Auta

Mijina mai gyaran rediyo ne. Haka dai yake kiran kansa har yau, ko da yake rabon da wani mai cikakken hankali ya miƙa masa rediyo tun gwiwoyina ba su fara kuka ba. A layinmu ba wanda ke tuna sunansa na yanka. Kondensa ake ce masa, yaro da babba, shi kuma ya amsa yana washe baki, don a ganinsa sarauta ce.

In ba ku san kondensa ba, Allah ya hutar da ku. Wata 'yar aba ce da ke cikin kayan da ke cin wuta, aikinta aikin randa ne: ta tara wuta ta riƙe, in famfo ya yi gardama ta ba da abin da ta tara. Ba don ina so na sani ba. Shekara arba'in da ɗoriya ana ɗura mini ita a kunne, da safe, da rana, har a kan abinci. Tun da na shigo gidan mutumin nan ban taɓa ganin abu ya lalace ya ɗora laifin a kan wani abu daban ba. Fanka ta tsaya, kondensa ce. Talabijin ta fara ruwa, kondensa ce. Lokacin da tsohuwarsa, Allah ya ji ƙanta, ta fara mance sunayen jikokinta, ya dube ni da fuskar tausayi ya ce, "Kondensarta ce ta bushe." Na ce, "To me kake jira? Ɗora ƙarfen dalma a wuta mana." Wallahi tunani ya tsaya yi.

Ba zan tauye masa haƙƙi ba, a zamaninsa yakan dace. Rediyoyin da, in sun tsufa, kondensarsu ce ke kumbura kamar mai cikin wata tara, ta fashe ta zubar da wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen kifi. Shi kuwa ba ya awo, ba ya tambaya. Ya buɗe bayan rediyo, ya cusa hanci ya shaƙa, ya lalubo mai cikin, ya tumɓuke ta, ya dasa wadda ta fi ta girma. Kullum wadda ta fi girma. "Randa ba ta yin yawa a gida," in ji shi. Rediyo ta kama magana, mai ita ya tafi yana sa albarka. Da wannan hancin aka ciyar da mu, aka tura yara makaranta.

Amma duniya ba ta jira shi ba. Kaya suka yi ta ƙanƙancewa, abin da da sai ƙato biyu sun ɗauka ya koma aljihu, shi kuma yana nan a rumfarsa ta ƙarƙashin matakalar benenmu, da ƙarfen dalmarsa mai kai kamar babban yatsan ƙafa. Har yanzu da yawu yake gwada zafinsa: ya tofa, in ya ce cuu, to ya yi. Bayansa gwangwanayen madara ne jere har rufi, cike da matattun kondensoshi da ya ƙi zubarwa, wai wata rana za a neme su. Suna yoyo, suna wari, kyankyasai na haihuwa a ciki. Na taɓa yi masa shara, ya yi kwana da kwanaki ba ya cin abincina. Na huta da wanke kwano ɗaya.

'Ya'yanmu duk sun watse, kowa ya kama gabansa, sai Auta. Ita kaɗai ce ta taso tana son rumfar nan, tun tana rarrafe take tsintar sukurori a ƙarƙashin teburinsa. Son inji na ubanta ta ɗauko, hankalin kuwa, ba yabon kai ba, daga ɗakina ya fito. Ta yi karatu ta koyi zanen gine-gine a kwamfuta. Ta sha zaman gida bayan karatun, tana yi wa masu shaguna 'yan zanen talla, har wani ofishin masu zanen gine-gine ya kira ta gwaji. Kujera ɗaya ce, masu nema da yawa. Aka ba kowa aiki iri ɗaya: wata makaranta da ko tubalinta ba a aza ba, a yi hotonta mai motsi, yadda mai kallo zai ga kamar ya shiga ƙofa, ya hau bene, ya leƙa aji, har da rana tana faɗowa ta taga. Aka yanka musu ranar kawowa. Wanda nasa ya fi, kujera tasa.

Irin wannan aikin, in ji Auta, wani allo ne a cikin kwamfuta ke yin sa, ana ce masa katin hoto, shi ke dafa duk abin da ido ke gani a fuskarta. Nata tsoho ne, in an ba shi bene ɗaya sai ya wuni yana nishi. Sai ta kwashe duk abin da ta daɗe tana tarawa ta sayo sabo fil, wanda bai daɗe da fitowa kasuwa ba. Tsawonsa ya kai faranti, nauyi kamar bulo, fanka uku a jiki. Na ce, "'Yar nan, kati ne wannan ko miji?" Ta ce, "Mama, ai ya fi miji, ba ya musu." Allah sarki, ba ta san an fara ƙera kati mai halin maza ba.

Da farko abin sha'awa. Amma da aiki ya yi nauyi, sai fankokin su ɗauki kuka kamar za su tashi da ɗakin, fuskar kwamfuta ta yi ɗif, baƙi ƙirin, aikin wuni ya bi ruwa. Ta kunna, ta sake, ya sake sumewa. Ta shiga waya tana bincike, ashe ba ita kaɗai ba ce, masu azarɓaɓin sayen sabon katin nan kuka suke ta ko'ina, masu ƙerawa kuma kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Ni dai na ce tir. A da in ka sayi tukunya ta yi yoyo, ka san ƙofar maginin. Yanzu a karɓe guminka, a ba ka abin da bai nuna ba, a ce ka jira sanarwa.

Kuskuren Auta ɗaya ne, a gaban ubanta ta buɗe baki. Muna cin abincin rana ta ce, "Mama, wai ashe kafasita ce matsalar."

Na ce, "Kafa me?"

"Kondensa dai, irin ta Baba. Sunan yanzu ke nan."

Cokali ya suɓuce daga hannunsa. Na taka ƙafarta ta ƙarƙashin tebur, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Maimaita, 'yar albarka," in ji shi. "Su wa suka faɗa?"

"Kowa, Baba. Masana, masu gwaji, kowa."

Ya juyo gare ni a hankali. "Kin ji ko? Ke da kike cewa na tsufa da shirme."

Na ce, "Makaho ma in ya yi ta jifa, wata rana zai sami tsuntsu."

Ranar bai koma rumfa da rigar aiki ba. Rigar fita unguwa ya sa, ya fesa turare, ya bi layi kaf, daga mai aski har mai faci, yana shelar cewa duniya ta dawo kan maganarsa. Mai faci ya ce shi bai ma san ta taɓa tafiya ba.

Da yamma ya nace sai ya gani, Auta ta ciro katin ta kifa shi a gabansa. A bayansa, daidai tsakiya, akwai gurabe shida. Wasu masu ƙerawa, in ji ta, sun cika su da kondensa baƙaƙe, falan-falan, kowace kamar farce. Wasu kuma sun ware gurbi ɗaya ko biyu sun zuba ƙanana birjik, kamar ƙwayar shinkafa. Maganar da ke yawo ita ce masu ƙananan sun fi zama lafiya, masu baƙaƙe zalla su ne ke suma. Nata baƙaƙe ne duka.

Mutumin nawa ya gyara tabaransa mai ɗaurin zare, ya duƙa, ya shaƙa, sannan ya kece da dariya.

"Rabin gaskiya suka gano. Ciwon sun sani, maganin ne suka juya. Wai ƙanana! Yaro na kukan ƙishirwa, ka ɗauke masa kofi ka ba shi cokali? Waɗannan baƙaƙen ma ai sun yi masa kaɗan."

"Ba haka ba ne, Baba. Rediyo a hankali take sha. Shi wannan kurɓa yake yi, sau ba adadi kafin ka ƙifta ido. Ɗan kofin da ke daf da bakinsa ya fi masa randar da ke tsakar gida."

"Ni za ki koya wa randa?"

"Ba koya maka nake ba, roƙonka nake. Ka ga wannan 'yar takardar da aka liƙa a kan sukurun? In ta yage, garanti ya tashi. Kuma masu shi sun ce a jira, suna haɗa magani. Na rage masa gudu, yana lallaɓawa, a haka ma zan kai ranar in na dage. Don Allah, Baba, kada ka taɓa."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Ni? Me ya haɗa ni da kayan yara?"

Na san kallon da yake yi wa katin. Shi ya yi wa firijina, wanda yanzu muke ajiye takalma a ciki. Na ja Auta gefe na ce ta riƙa kulle ɗakinta. Ta ce, "Mama, kin manta? Ƙofar ba ta kulluwa tun ranar da ya gyara ta."

Ranar da abin zai faru, ofis suka kira Auta ta kawo rabin aikin su gani, ni kuma ranar ganin likitan gwiwa ce. Ban yi sakaci ba. Na sauka rumfa na zare ƙarfen dalmar daga lantarki, na naɗe shi a ɗankwali, na jefa a jaka na tafi da shi asibiti. Ashe a ƙasan akwatinsa akwai wani, na zamanin ubangidansa da ya koya masa gyara, mai kai kamar guduma, wanda ba ruwansa da lantarki, a kan wuta ake gasa shi.

Da na dawo, tun daga matakala wari ya tare ni: ƙonanniyar roba, da ruɓaɓɓen kifi, da wani abu kamar an babbaka gashi. Na manta da gwiwa na haura.

Ya ɗauko kwamfutar Auta kacokan ya baje ta a teburin cin abincina. Katin yana kwance rigingine kamar kazar da aka fige. Baƙaƙen nan suna cikin farantin da nake ba baƙi shayi, wasu an ɓamɓaro su har da fatar allon, jan zare na lilo a jikinsu. A gurbinsu ya dasa nasa: manyan shuɗɗan kondensoshi na tsohuwar talabijin, kowace kamar batirin tocila, suna reto a kan dogayen wayoyi ja da baƙi, an ɗaure su da robar tayar keke. Dalma kuwa an ɗiga ta ko'ina guda-guda kamar kashin kaji. Shi kuma yana tsaye a singileti, gumi na bin haƙarƙarinsa, rishona na girki a gefe da ƙarfen a kai, yana murmushi irin na ungozomar da ta karɓi tagwaye.

Na ce, "Innalillahi. Malam, me ka aikata?"

"Abin da masu digiri suka kasa. Dubi nan, randa kan randa. Ko shekara zai yi yana sha ba zai ƙarar ba."

"Yarinyar nan ta roƙe ka. Ka ɗaga hannu sama."

"Hannu na ɗaga, ban rantse ba."

Ban gama zaɓen zagin da ya dace ba, sai ga ƙarar takalmin Auta a matakala, tana haurowa da gudu. "Mama! Sun saki maganin! Manhaja ce kawai, a sauke a danna. Injinan ofis irin katina ne a ciki, an sa musu tun safe, ko ɗaya bai sake..."

Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Jakarta ta zame daga kafaɗa.

"Na riga su," in ji uban. "Zo ki gani."

Kafin ɗayanmu ta motsa ya cusa katin a cikin kwamfutar, randunan na lilo a waje don murfin ba zai rufu ba, ya danna. Fankoki suka yi juyi ɗaya. Wani siririn hayaƙi ya miƙe. Sai fau! Ɗaya daga cikin shuɗɗan ta fashe, ta watsa wa labulena da bango da goshinsa wani abu kamar jiƙaƙƙiyar auduga mai ɗoyi. Ya shafo goshi, ya shinshina yatsa, ya gyaɗa kai.

"Wannan dama ta kwana biyu. Bari in sauka in ɗauko wata."

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta ce a hankali, "Baba, ka ce ba za ka taɓa ba."

"Ai ba da mugun nufi na taɓa ba, 'yar albarka."

Ni kam na yi magana. Na sauke wadda na tara tun zamanin firiji. Maƙwabta sun ce har mai aski ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Ko a jikinsa, an mintsini kakkausa. Abin da ya ɓata masa rai kawai, wai na kira ƙarfen ubangidansa guduma.

Allah ya taimaka wutar ba ta kai ga inda aikin nata yake ajiye ba, amma katin kam ya zama gawa. Washegari muka kai shi shagon da aka sayo shi. Mai shagon, wani mai sanƙo da zobe a kowane yatsa, wanda ranar ciniki yake kiran Auta ƙanwarsa, ya buɗe ledar ya leƙa, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya kira na shagon kusa, na kusa ya kira na gaba, suka zagaye suna ɗaukar hoto da waya.

"Mama, wa ya yi wannan? Maƙeri?"

"Ba tarihi na zo ba ka ba. Kun sayar mana da abu mai farfaɗiya, ku canza."

"Farfaɗiya kam an yi maganinta jiya. Wannan kuwa yanka ne. Ko uwar da ta haife shi ba za ta karɓe shi ba."

Wai in muna so akwai wani sabo, mai ƙananan, sai dai ya ɗan fi tsada don shi ake rububi. Shi da bakinsa ya gama cewa manhaja ta warkar da kowa, amma ga shi yana sayar da tsoron da ya rage. Na dube shi, na dubi zobbansa, na tofar da yawu a bakin shagon muka fito.

Saura 'yan kwanaki a kai aiki, ba kati, ba abin sayen wani. Auta ta kira shugabar ofishin ta gaya mata gaskiya. Ina jin muryar matar ta cikin wayar, a bushe ƙayau: "Na ji uzurin rasuwar kaka, na ji na ɓarawo, na ji na ruwa ya shiga ɗaki. Na 'babana ya gyara mini' kam yau na fara ji. Kin iya ƙirƙira, ki zuba a aikinki. Rana tana nan yadda take." Ta kashe.

Wato ban da asarar kati, an mayar mini da 'ya maƙaryaciya. Nan na ce ba za ta saɓu ba. Tunda hujja ake so, muna da ita a gida, da ƙafafunta, har tana neman ƙarin abinci.

Na sa shi ya yi wanka da sabulu. Na laluba aljihunsa na kwashe filaya da guntayen waya. A cikin mota na yi ta biya masa karatu: "Ka ce, ni na lalata, 'yata ba ta yi ƙarya ba, a yi haƙuri. Shi ke nan. Maimaita."

"Ni na... taɓa."

"Lalata."

"Ke dai kina son kalmar nan."

Amma ya maimaita, kansa a ƙasa. Ya saci kallon Auta, wadda ba ta ce masa uffan ba tun ranar, na ga idonsa ya kawo ruwa. Har na fara jin tausayinsa.

Ofishin sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, gilashi ko'ina, samari da 'yan mata kowa da abin ji a kunne. Shugabar siririyar mace ce, tabarau a saman kai, irin mutanen da ke duba agogo tun kana sallama. Albarkacin furfura ta ba mu kujeru.

"Ina jin ku, Mama."

Na zungure shi. Ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, ni ne uban yarinyar nan. Ni na..."

Sai idonsa ya sauka kan wata kwamfuta a teburin kusa, mai gefen gilashi, katin ciki na walƙiya, fankoki na juyawa sumul. Ya miƙe kamar an ja shi da igiya, ya durƙusa ya manna hanci a gilashin.

"Wannan ma baƙaƙe ne?"

"Su ne, Baba," in ji mai teburin. "Lafiyarsa ƙalau tun da aka sa manhaja."

"Yanzu dai. Lallashinsa suka yi, ba su warkar da shi ba. Ƙishirwa ce ke cinsa, aka ce masa ya rage gudu." Ya cire hularsa ya zaro sukundireba daga ciki. Hula! Ita kaɗai ce ban bincika ba. Mai teburin ya rungume kwamfutarsa kamar za a ƙwace masa ɗa.

Na ɗora ledar a teburin shugabar na zazzage. Randunan suka gangaro, ɗaya ta bar jiƙaƙƙen sawu a kan takardunta. Ta toshe hanci da bayan hannu, ta daɗe tana kallo.

"Baba, dawo ka zauna. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kai ka lalata mata wannan?"

Auta ta runtse ido. Ga 'yarsa, ga kujerarta a tafin hannunsa, kalma ɗaya ake nema.

"Lalatawa?" in ji shi. "Ranki ya daɗe, ƙarfi na ƙara masa, shi ne ba shi da ƙashin ɗauka. Kayan yanzu ne, ba ƙwari. Da an bar ni na canza wadda ta fashe, da yanzu wani zancen ake. In kina so ma, wannan na'urar sanyin taku tun da na shigo nake jin tana wani gurnani..."

Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma da shi zan fara turawa.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta sauke tabaranta, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta juya ga Auta.

"Gida ɗaya kuke?"

"Eh, ranki ya daɗe."

"Kullum haka yake?"

Auta ta sunkuyar da kai, don tarbiyya. Ni na amsa mata: "Yau ma da sauƙi, ya yi wanka."

"Kuma a gidan kika yi rabin aikin da na gani." Ta ja numfashi. "Na ce kin yi ƙarya, ki yafe ni. Wannan ba mai iya ƙirƙiro shi. Ga tebur can a lungu, ki zo ki ƙarasa a injinmu. Ba zan ƙara miki ko yini ba, sauran ma ba a ƙara musu ba. Sharaɗi ɗaya: Baba ba zai sake wuce ƙofar waje ba."

Mai gadi ne ya raka shi, yana tafe yana yi wa mai gadin bayanin randa.

Kwanakin da suka rage Auta ta rame, ido ya faɗa, abinci ma a tsaye take ci. Ta kai aiki a ranar, ba yadda ta so ba, ta ce ajujuwan sama ba ta samu ta sa musu hasken rana ba. Duk da haka ita aka ɗauka.

Da ta fara karɓar albashi, ta kama ɗaki can wani gefen gari tare da wata abokiyar aikinta. Ranar tashi ta durƙusa har ƙasa ta yi wa ubanta sallama, ta nemi albarka, ba abin da ta rage na ladabi. Ya ce, "Wace unguwa ce? In zo in duba muku wayoyin wuta." Ta ce, "Akwai nisa, Baba." Ni ta gaya wa, bayan ta sa na rantse. Ta ɗora kwamfutarta a cinya mota ta ja. Yarinyar da ke shafa mini man gwiwa, mai taya ni dariyar mutane ta taga, ta tafi, aka bar ni da wanda ya kore ta.

Kuna tsammanin jikinsa ya yi sanyi? Ƙusa ya buga a goshin rumfarsa ya rataye gawar katin, randuna na reto, ƙudaje na ziyara. Duk wanda ya tsaya sai ya sha labari: yadda 'yarsa ta kusa rasa aiki, ya sa riga ya je da kansa, ya yi wa shugabar bayani, nan take ta ba ta tebur. Abin takaicin, in ka bi zancen daki-daki, ba inda za ka kama shi da ƙarya. Mai aski har ya fara kiransa Injiniya.

Shekaranjiya ina shanya a baranda na hango matar mai faci ta nufo rumfar, rungume da 'yar kwamfutar ɗanta ta makaranta, an naɗe ta a tawul. Na bar zani a igiya na leƙa.

"Ke! Ina za ki da wannan?"

"Wurin Injiniya, Mama. Zafi take yi. An ce shi ya samo wa Auta aiki."

"Ɗan naki ya gama jarrabawa?"

"Da saura, Mama."

"To juya. Ki ajiye ta kusa da fanka, ki yi mata fifita, ki yi mata addu'a, duk abin da kika ga dama. Juya, na ce!"

Ta tsaya tana duban sama tana duban rumfa. Daga ƙarƙashin matakala na ji muryarsa, da zaƙi kamar zuma: "Ƙaraso, 'yata, rabu da ita, baƙin ciki ne irin na tsofaffi. Yanzu-yanzu za a gama."

Ta ƙara taku. Na duba gefena, ga bokitin ruwan wanki cike, da kumfarsa da dauɗarsa. A gabanta na sheƙa, ba a kanta ba, saboda kwamfutar yaron. Ta juya da gudu. Ruwan kuwa wanda ya fito tarbarta ya samu, tun daga hula har takalmi. Na koma shanyata.